Baffan da Ke Ɗora Mummunar Fata a Sama

Daga Allah muke, gare Shi za mu koma. Ranar wata Laraba da hantsi Baffa ya cika, yayan mahaifina, wanda ya riƙe ni tun rasuwar ƙaninsa. Kafin azahar mun kai shi makwancinsa, mun dawo an shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida a Fagge. Ina rubuta wannan ne bayan sadakar arba'in, don na lura har an fara ba da labarinsa ana ƙara masa gishiri, ni kuwa ina so a tuna shi yadda yake, da faɗansa da komai.

Gwaggo, ƙanwarsa, ita ta yi jinyarsa wata bakwai. Da aka rufe masa ido sai ta sauke ajiyar zuciya ta ce, "Alhamdu lillahi, ya huta." Babu wanda ya ga laifinta, don duk mun ga yadda ƙafafunsa suka kumbura har ya daina takawa. Mahauta suka zo gaisuwa da wuƙaƙensu a ƙugu, majema suka zo da hannuwansu da bagaruwa ta rina. Wani tsohon Bafillace, abokin wasansa, tunda mu asalinmu Barebari ne, ya zauna yana sharar hawaye da bakin rawani yana cewa, "Babarbaren nan ya gudu, ya ga na kusa kayar da shi a musu." Akawun kaya na tashar jirgin ƙasa, wani Ibo mazaunin Sabon Gari, ya zo da matarsa, ya tuɓe takalmi, ya fashe da kuka da ƙarfi har sai da liman ya dafa shi ya ce mu a nan a hankali muke yi.

Amma duk wanda ya zauna, bayan ya shafa fatiha, sai ya waiwaya ya dubi hanya. Wata baƙar mota ake jira, motar Dogo, Kwaran nan, wato mutumin Labanan, da ke sayen fata a hannun Baffa. In suka ga babu ita, sai su juyo su dube ni. Ni ma na san dalilin kallon, kuma na cancance shi.

Sana'ar Baffa zaɓen fata ce. Mahauta da 'yan ƙauye suna kawo masa fatun akuya busassu, shi ya ware, ya ɗaure, ya sayar wa masu fitarwa Turai. Gida wajen sittin ke ci daga sitonsa, daga masu shanya zuwa masu ɗauri da masu dako. In ya ɗauki fata sai ya shinshina ta, ya naɗe gefenta ya saurara, ya ɗaga ta ga rana, ya gaya maka ko a inuwa aka shanya ta ko a ƙasa aka yar, har ya gaya maka mahaucin da ya feɗe ta yana cikin fushi. Warin fata ya kama jikinsa yadda ko turaren Juma'a ba ya rufewa. Naman akuya kuwa ba ya ci. In an tambaye shi sai ya ce kunyarsu yake ji, ya ga asirinsu da yawa.

Mutum ne mai faɗa, kada wani ya ce muku ba haka ba. Ya tsani ƙararrawar keke, ni kuwa da na gama makarantar midil keke na fara saya. Tun ranar da ya gan ni da alƙalami a aljihun gaba ya sa mini suna Akawu, bai sake kirana da sunan yanka ba har ya koma ga Allah. In na kawo shawara sai ya ce, "To, mu ji abin da alƙalami ya ce." Sannan ya yi abin da ya ga dama.

Alherinsa ma da faɗa yake yinsa. Shekarar da aka yi rigima tsakanin mutanen gari da na Sabon Gari, shi ya tura akawun tashar nan da matarsa da 'ya'yansu cikin sito, ya jibge fatu a bakin ƙofa, ya zauna a waje yana cin goro. Da matasa suka zo da sanduna ya ce musu, "Ku shiga mana, in hancinku zai iya." Babu wanda ya shiga. Kwana uku yana kai musu tuwo yana mitar cewa sun hana shi aiki.

Abin da ya bambanta shi da kowa a kasuwa shi ne yadda yake ɗauri. Kowane dillali mafi kyawun fata yake ɗorawa a sama, ana ce mata fuska, sauran a ɓoye a ƙasa. Baffa akasin haka yake yi. Ya zaɓo wadda ta fi kowacce muni a cikin ɗaurin, mai yankan wuƙa ko tabon ƙazuwa, ita zai shimfiɗa a sama. Mai saye in ya gan ta ya san babu abin da ya fi ta lalacewa a ƙasa. 'Yan kasuwa suna yi masa dariya, shi kuwa cewa yake, "Baƙo ba ya tsoron kaya marar kyau. Abin da bai gani ba shi yake tsoro."

Wannan ɗauri shi ya haɗa shi da Dogo. Mutumin Labanan ne, Musulmi, ya zo Kano yana saurayi da akwati ɗaya, ya buɗe kanti a Kwari, daga baya ya shiga harkar fata. Hausa yake yi kamar jakin Kano, sai ɗan harshe. Shekara ashirin suna ciniki, har ya kai Dogo ba ya kwance ɗaurin Baffa. Ya ɗaga gefen ta sama kawai, ya duba, ya sa lamba, a wuce.

Bara, bayan Gana ta sami mulkin kai, Dogo ya zo da magana. Shi da wasu abokan cinikinsa na Turai sun sayi injunan jima, suna so su kafa masana'anta a wannan yanki, a daina fitar da fata ɗanya. Abin da ya rage shi ne wuri. Abokan suna son Ankara, babban birnin Gana, shi yana son Kano. In aka kafa a Ankara, Dogo zai tattara ya koma can, sitonmu kuma ya zama ɗakin ɓeraye, don manyan kamfanoni suna da dillalansu, ba sa bukatar tsoho mai ɗaurin baibai.

Na tuna ranar da suka yi wannan musu a ƙofar sito, Dogo da kofin gahawarsa, Baffa da goronsa.

Baffa ya ce, "Ƙasar da aka ce in ka yi tafiyar kwana kaɗan ka ƙure ta, me za ta ba ku wanda Kano ba ta da shi?"

Dogo ya ce, "Baba, ƙanƙantarta ce riba. Teku na bakin ƙofa, ga shi suna gina sabuwar tashar jirgin ruwa. Kaya ya fito daga inji yau, gobe yana kan ruwa. Nan sai ya yi kwanaki a jirgin ƙasa kafin ya ga teku a Ikko. Suna da kuɗin koko, suna da samari masu ilimi, gwamnatinsu sabuwa ce tana kiran kowa ya zo. In kana neman takarda, ofis ɗaya ne, ba sai ta je Kaduna ta je Ikko ta dawo ba."

Ni da alƙalamina na gyaɗa kai, don abin da nake karantawa a jarida ke nan. Na ƙara da cewa mai zuba jari hanya yake dubawa, da lantarki, da kotun da za ta ji shi.

Baffa ya harare ni ya ce, "Alƙalami ya yi magana." Sannan ya juya ga Dogo. "Suna da jar akuya?"

"Ba kamar taku ba."

"To. Ni abin da na sani, mai kuɗi matsoraci ne. Inda zai juya baya ya tafi garinsu ya dawo ya tarar da abinsa yadda ya bari, nan yake zama. Teku ai kowa yana iya samu, Allah ne Ya zuba."

Dogo ya yi dariya ya ce to a gwada. A shirya ɗauri talatin a aika Turai, abokan su gani da idonsu, su yanke shawara. Injuna kuwa an riga an loda su a jirgin ruwa, wanda zai fara tsayawa Gana sannan ya zo Ikko. A ɗaya daga cikin biyun za a sauke su.

A daidai wannan lokacin ciwon da ya daɗe yana cin Baffa ya kwantar da shi, sito ya dawo hannuna. Ni kuma na ce yau ranata ce. Na yi tunanin cewa Turawan nan ba su san al'adar Baffa ba, in suka buɗe suka ci karo da fata mai ƙazuwa, sun gama da mu. Na tara masu ɗauri na ce wannan karon a sa fuska kamar yadda duniya take yi. Babbansu, wani dattijo da ya girmi mahaifina, ya ce, "Malam Akawu, maigida ya sani?" Na ce masa zamani ya canja. Ya ɗauki igiya.

Abin da ban kawo a kaina ba, duk da midil ɗina, shi ne ba Turawa za su fara gani ba. Dogo ne. Ya zo da safe, ya ɗaga gefen ta sama kamar kullum, ya ga jar fata sumul, babu tabo ko ɗaya. Ya ɗaga ta ɗauri na biyu, haka. Na uku, haka. Sai ya cire tabarau ya ce, "Masha Allah! In waɗannan ne na sama, na ƙasa fa?"

A nan na gane abin da na yi. Shi a wurinsa ta sama ita ce mafi muni. Fuskar da ba ta ruɗin kowa a kasuwa, tunda kowa ya san da ita, a ɗaurin Baffa ta zama ƙarya tsagwaronta. Kalma ɗaya zan faɗa a gyara. Sai na yi murmushi na ja bakina na yi shiru, kuma wannan shirun shi ne laifina na gaske. Dogo ya sa wa duka talatin lamba ɗaya, ya wuce gidan waya ya buga wa abokansa cewa ga irin fatar Kano nan zuwa, su shirya mamaki.

Washegari aka kai kaya tasha. Da hantsi na shiga gaida Baffa, yana kwance Gwaggo tana yi masa fifita. Bai amsa gaisuwata ba, tambaya ɗaya ya yi.

"Akawu, wacce ka sa a sama?"

Ban san wanda ya gaya masa ba, ina zargin dattijon nan, kuma Allah Ya saka masa da alheri. Na fara bayani a kan Turawa da zamani. Ya ɗaga hannu.

"Dogo ya kwance?"

"Bai kwance ba."

"Ka gaya masa?"

Na sunkuyar da kai.

Ya ce da Gwaggo, "Miƙo min rigata." Ta ce, "Yaya, ina za ka da waɗannan ƙafafu?" Ya ce, "Ba da su za ni ba. A kawo amalanke."

Mutumin da ya yi makonni bai ga ƙofar gida ba, muka ɗora shi a kan amalanken da ake dakon fata, muka shimfiɗa masa bargo, Gwaggo ta cusa masa lema a hannu tana faɗa. Na tura da kaina, don ya ce kada kowa ya taimake ni. Tun daga Fagge har tasha, rana a tsaka, mutane suna fitowa daga kantuna suna kallo, wasu suna salati suna zaton asibiti za mu. Duk ramin da muka faɗa sai na ji ya cije.

An riga an loda kayan a wagunu, saura a rufe a sa hatimi. Akawun tashar nan Ibo da ya ga wanda ke kan amalanke, bai tambayi komai ba. Ya ce yana da sauran wagunan da zai fara rufewa, namu sai la'asar. Aka aika aka kira Dogo.

Baffa ya sa aka sauke ɗauri talatin a kan dandamali. Ya ce ni zan kwance, ɗaya bayan ɗaya, in baje, in nemo mafi muni in ɗaga sama kowa ya gani. Na yi. Hannuna ya yi kanta, zufa ta jiƙa alƙalamin har tawada ta zubo a rigata, 'yan dako suna ta ƙunshe dariya. Fatun ba laifi, irin waɗanda muka saba ne, da masu kyau da matsakaita da 'yan marasa kyau. Amma ba su ne abin da Dogo ya rantse a kai a waya ba.

Dogo yana tsaye, fuskarsa ta yi ja. Da na gama ya ce, "Baba, yanzu sai in sake buga waya in ce na yi kuskure. Abokaina za su ce ko ban san fata ba, ko mutanen Kano sun iya rufe wa mutum ido. Kowanne suka zaɓa, Ankara ta ci."

Baffa ya ce, "Na sani. Gara ka ji daga bakina a Kano da ka ji daga nasu a Turai."

Dogo ya juya. Ya shiga mota ya tafi. Bayan kwana biyu muka ji ya hau jirgin sama zuwa Ankara, inda abokan suka zo su tarye shi.

A hanyarmu ta komawa Baffa ya yi mini magana sau ɗaya, kuma ba da faɗa ba, da ma faɗan ya yi. Ya ce, "Shekara ashirin na yi ina koya wa mutumin nan ya daina dubawa. Kai ka koya masa dubawa a rana ɗaya."

Kwana ashirin da uku ya ƙara a duniya. Kowace safiya in na shiga sai ya ce, "Dogo ya dawo?" In ce bai dawo ba. Sai ya ce, "To, je ka sito." Ban san ko tafiyar amalanken ce ta gaggauta shi ba. Gwaggo ta ce kwana ne ya ƙare, kada in sa wa kaina abin da ba nawa ba. Amma ya tafi bai ji amsar tambayarsa ba, wannan kam yana cina har yau.

Shi ya sa masu gaisuwa suke duban hanya, sannan su dube ni. Gida sittin suna jiran su ji ko alƙalamina ya cinye musu tuwo.

Ranar sadakar bakwai, da safe, ana rabon gumba, sai ga baƙar mota ta tsaya a bakin layi. Dogo ya fito, ya rame, kwat ɗinsa duk ta yamutse. Ashe akawun tasha ne ya buga masa waya da kuɗinsa, ya sanar da shi rasuwar. Ya tuɓe takalmi ya zauna a tabarma kamar kowa, aka yi addu'a, ya daɗe hannunsa a fuska. Sannan ya ce a nuna masa kabarin. Ni na raka shi. Ya tsaya a kan Baffa ya yi ta motsa baki da Larabci, ya duba hagu ya duba dama, muka dawo.

Da muka zauna sai ya fuskanci liman ya ce, "Malam, akwai ɗan fili a gefensa ta gabas. Ina so a ajiye mini."

Liman ya dube shi ya ce, "Dogo, ai ba a kama wuri a maƙabarta. Ba rumfar kasuwa ba ce. Wanda ya riga zuwa shi ke samu."

Tsohon Bafillacen nan ne ya fara dariya, sai kowa ya kama, irin dariyar da ke fitowa tare da hawaye. Dogo ma ya yi, ya share ido ya ce, "Na ga Ankara. Duk abin da na faɗa wa Baba gaskiya ne, har ya fi haka. Abokaina suka jera mini teku da tituna da ofis. Ni kuma na ba su labarin amalanke. Na ce su nuna mini mutum ɗaya a can da zai tashi daga gadon mutuwarsa ya zo ya ɓata cinikinsa don kada in ji kunya. Kwana goma muna yi."

Daga bayan labulen zaure muryar Gwaggo ta fito, don ita ba ta da haƙurin dogon bayani. "Kai Dogo, ka bar mu a tsaye. Injunan fa?"

"Gwaggo, sun wuce Gana tun shekaranjiya. Jibi suna Ikko."

Babban masu ɗauri ya yi kabbara, wasu suka tashi da gudu su kai labari gidajensu, ko takalmi ba su tsaya nema ba. Dogo ya juyo ya dube ni a karo na farko tun ranar tasha.

Ya ce, "Akawu, wagunu huɗu nake so daga Ikko. Kai za ka je ka taho da su."

Na ce, "Ni? Bayan abin da na yi?"

Ya ce, "A duk Kano kai kaɗai na tabbata ba za ka sake ba."

Allah Ya jiƙan Baffa, Ya yafe masa faɗansa, Ya haskaka makwancinsa, Ya sanar da shi abin da bai samu ji ba a nan. Washegari tun da sassafe na biya ta maƙabarta a hanyata ta zuwa tasha, na tsaya a kansa, na ce, "Baffa, Dogo ya dawo."